Tukunya Ɗaya, Motoci Da Yawa

Da hantsi aka kira Sufeto barikin soja. Motar ɗaukar sojoji ta kama wuta a filin atisaye, soja ɗaya ya rasu a ciki.

Sabuwar doka ta ce dole a saka wa kowace motar soja tukunyar kashe gobara mai fesawa da kanta. An saka wa wannan, amma ba ta fesa ba. Sai aka tsare direban, wani Kofur, bisa zargin ya sayar da sabuwar ya ɗaura tsohuwa. Kotun soja na jiransa. Da yake kamfanin farar hula ne ya yi aikin, aka sa 'yan sanda a ciki.

"Yallaɓai, ni sitiyari na sani," in ji Kofur, hannayensa naɗe da bandeji. "Wanda ya ƙone aminina ne. Zan sayar da abin da zai cece mu?"

Sufeto ya fita. Ya je ya kankare tukunyar motar da makulli. Ƙarƙashin jan fentin tsatsa ce zalla.

A garejin kamfanin, Manaja ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Sababbi dal muka saka. 'Yan kwamitin soja da idonsu suka duba kowace mota."

"A ina?"

"A rumfar can. Ɗaya bayan ɗaya. In sun gama da guda, su huta a ofishina kafin a shigo da wata."

Bayan rumfar, Sufeto ya tarar da mai fenti yana wanke buroshi. Ruwan bokitin ja wur.

"Motocin soja kore ne. Me ka shafa da ja?"

"Ƙofar surukata, ranka ya daɗe."

"Surukar taka ofishin 'yan kwana-kwana take zaune?"

Mai fenti ya yi yaƙe, ya saci kallon tagar Manaja.

Sufeto ya sa aka buɗe sito. Can a lungu, cikin buhu, ga sabuwar tukunya guda ɗaya.

"Samfur ce," Manaja ya yi sauri ya ce. "Ba a taɓa ɗaura ta ba."

Sufeto ya durƙusa, ya shafa notinanta. Duk kawunansu sun cinye.

"Ba a taɓa ɗaura ta ba, sifana ta ci ta haka? Ita ce ta zaga motocin nan kaf. Kwamiti na hutawa, ku kwance ta ku kai wa ta gaba. Wadda aka duba kuma ku ɗaura mata tsohuwa mai sabon fenti."

Mai fenti, wanda ya biyo su, ya ce, "Oga, ni dai ba zan ɗauki alhakin rai ba."

Manaja ya zauna kan wata taya.

"Kayan ba su iso ba, wa'adin doka ya cika. Da an ƙwace kwangilar. Na ce in sun zo sai mu canza a hankali, ba wanda zai sani."

"Motoci nawa ke yawo da tsofaffin?"

"Duka."

Sufeto ya buga wa kwamandan bariki waya, ya ce a tsayar da kowace mota inda take. Sannan ya sa wa Manaja ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Da la'asar aka saki Kofur. Bai tambayi wanda aka kama ba. Cewa ya yi, "An riga an kai aminina makwancinsa?"

An riga an kai.