Bishiyoyin da Suka Ƙi Mutuwa

Wata na tara ke nan ba a ga ruwan sama ba, sai mai gadin tankin unguwa ya kai ƙara caji ofis cewa kullum ruwa jarka shida na ɓacewa. Tun da hukumar birni ta hana ban ruwa a waje, ko fure ne ko ciyawa, satar ruwa ta zama laifin wata shida a gidan yari. Batun gyaran madatsa kuwa, kwamiti na nan yana nazari.

Sufeto ya duba tankin. Ba a fasa kwaɗo ba. An naɗe bakin famfon da tsumma, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Ya ce wa Saje bai taɓa ganin ɓarawo mai tattali haka ba.

Mai gadin ya rantse idonsa biyu tun safe. Shatin tabarma na nan a kumatunsa.

Mai wankin mota ma ya rantse ya bar sana'ar, yana magana yana tura soso ƙarƙashin benci da ƙafa. Amma shi bokiti ɗaya yake saye a ɓoye, kuma ba shi da mabuɗi.

Suna komawa mota Sufeto ya tsaya. Duk titin ya bushe ƙurmus, ban da ƙananan bishiyoyi goma sha biyu da ke gefen hanya, kore shar, alhali ƙasar gindinsu a bushe take. Ya tona da sanda. Ga gorar roba a binne, an huda ta da allura, ruwa na tsatsowa kai tsaye zuwa saiwa.

Wata mai kanti a bakin titin ta ce ita ba ta ga kowa ba. Da Sufeto ya tambayi wanda ya dasa su, sai ta ce Baba Mai Lambu ne, tsohon ma'aikacin hukumar, kafin ya yi ritaya.

Sun same shi a tsakar gidansa yana huda gora. Bai tashi ba.

"Baba, ina ka sami mabuɗi?"

"Nawa ne, yallaɓai. Ranar sallama sun karɓi fartanya da takalmin roba. Mabuɗi ba wanda ya tambaya."

"Ka san mata suna layin awa huɗu, su koma da jarka ba komai?"

"Na sani. 'Yata na cikinsu."

Ya ce da rana tsaka yake zuwa, in mai gadi ya miƙe a tabarma. Bishiya ɗari uku ya dasa a shekara talatin, waɗannan suka rage. Damina ɗaya kawai suke buƙata, saiwarsu ta kai ƙasa, daga nan ba ruwansu da kowa.

Sufeto ya daɗe yana kallon biro. Ya tuna layin matan, sai ya rubuta tuhumar.

Doka ta ce a kai shaida kotu, don haka Saje ya sa aka tono gorunan duka, aka liƙa wa kowace lamba. Shebur bai san saiwa ba.

Tsohon yana bayan mota, ankwa a hannunsa, yana kallo.

"Yallaɓai, a ce su mayar da ƙasar, rana na dukan saiwar."

Sufeto ya leƙa ta taga. Masu tonon sun riga sun tafi cin abinci. Ya ce wa direba ya ja.