Sumbar Kawu Tukka

Ni Tukka, wanda har yau ba a haifi mai kyawun hancina a Roma ba, ni aka kwantar a ƙarshen gadon da ake kishingiɗa a ci abinci, kusa da ƙofa, aka ba ni kifi kamar ɗan yatsa. A gidan 'yar ƙanwata Noniya, matar Sarki Mamerkus. Tun da aka kafa garin nan ba a yi wa ɗan Adam irin wannan zalunci ba.

Ku ji asalin abin. Kullum da safe mu danginta maza mukan zo mu sumbace ta a baki, kamar yadda aka saba, don a tabbatar matar kirki ba ta taɓa giya ba. Sarki kuwa yana sonta har abin ya tsaye wa uwarsa Hostiliya a wuya.

Wata safiya na sumbace ta, sai tsohuwa Hostiliya ta ɗaga hanci ta ce tana jin warin giya. Ta dube ni.

"Tukka, daga bakin wa?"

Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na ce daga bakin yarinyar.

Noniya ta zuba mini ido, ta ce, "Kawu, ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ta san mai shaidar ƙarya daga kan dutse ake jefo shi.

Sarki ya roƙe ta ta musa, ta ƙi. A gaban bayi aka kwance makullan gida daga ƙugunta, aka sa ta a jirgi zuwa wani tsibiri da ko akuya ba ta ƙiba a cikinsa, ga ciki wata biyar. Can ta haifi ɗa namiji, can ta binne shi da hannunta. Shekara shida Sarki yana ƙin duk matar da uwarsa ta kawo masa, Noniya kuma tana saƙa masa riga tana aikowa duk shekara, tsohuwa tana sa a ƙone.

Sai da ajali ya kama Hostiliya ta gaya wa ɗanta cewa warin ba daga bakin matarsa ya fito ba, ta cika ba ta ƙarasa ba. Sarki ya je da kansa ya ɗauko Noniya, gashinta ya yi fari, ya mayar mata da makullanta yana kuka. Ya tambaye ta bakin wa ne, don a kai shi dutse yau. Ta ce ta manta.

To, 'yan mata, ku koyi haƙuri irin nata, shi ya mayar da ita ɗakinta. Amma kifin nan da ta ba ni bayan ta dawo fa ya yi ƙanƙanta.

Ko da yake, tsakanina da ku, kofi uku na giya na kora a waccan safiyar kafin na shiga. Kada wanda ya kai wa Sarki.