Wejin Motar Alhaji Ɗanmaliki

Ana idar da sallar Juma'a Alhaji Ɗanmaliki ya faɗo ofishin 'yan sanda na Kankia, hula a hannu.

"Insifeto, an ɗauke mini mota! Ga mai saye tun daga Kano yana zaune a zaurena!"

Insifeto Abdulbaƙi ya zabura. Kowa ya san motar. Tsohuwar akori-kura ce ƙirar Fijo, Alhaji ya sa an yi mata bodin katako, da fenti kore shar, da hon uku.

A ƙofar gidan Alhaji, Insifeto ya tsuguna kan sawun taya.

"Birkin hannu yana ci?"

Alhaji ya ce, "Ya mutu tun mulkin soja. Weji ake sa mata, guntun katako a tokare taya."

"Ina wejin?"

Aka duba ko'ina. Babu shi, sai gurbinsa a ƙasa.

Aka kira Ɗalha, direban motar, dattijo mai furfura.

"Ina kake lokacin da aka ɗauke ta?"

"Ina masallaci, yallaɓai. Sahun gaba."

Insifeto da Alhaji da Ɗalha suka bi sawun tayar, a bakin hanyar Kusada suka tarar da Adda mai nono.

"Ta wuce ana huɗuba," in ji ta. "Da ta zo ramin can sai ta kauce a hankali. Baƙi kuwa faɗa masa suke yi."

Insifeto ya juya kan Ɗalha, ido na ƙyalli.

"Ɓarawo shure weji yake yi ya gudu. Wa zai sunkuya ya ɗauka, ya jefa a bayan mota? Sai hannun da ya saba. Ina take?"

Ɗalha ya ce, "Mawashi. Bayan rumbun ƙanena. A babur na dawo."

"Don me?"

"Shekara talatin da ɗaya muna tare, yallaɓai. Mai sayen ya ce girke ta zai yi a tsakar gida ana kallo. Mota mai lafiya!"

Alhaji ya ce, "Ciniki dai an gama, Ɗalha."

A Mawashi aka yaye karan da ya lulluɓe ta. Wani kofur da ya rako su ya murɗa makulli sau biyar, ta ƙi tashi.

"Shiga ka tuƙa," in ji Insifeto. "Kai da ita, duk ofis."

Murɗa ɗaya ta tashi. Har suka isa Kankia Ɗalha bai wuce giya ta biyu ba, Insifeto kuma bai ce ya ƙara wuta ba.