Jinkar Rumbun Baba Ebenezer

Akwai cutar da ke kama dattawan coci, ita ce auna mutum da ƙofar da yake shiga ranar Lahadi. Na ga ta kama Baba Ebenezer na unguwarmu a Zuru, tsohon soja, dattijo a cocin Baptis. Ku saurara ku ji abin da ta ci masa.

Ranar Litinin ɗin Ista ta 2005, da coci-coci suka hau dutse yin taron da ake kira Galili kamar yadda aka saba, ɗiyarsa Leah ce ke raba kunun zaƙi. Wani saurayi ya miƙo kofi, ya yi alamar gicciye irin ta 'yan Katolika kafin ya sha.

"Ashe ɗan Fada ne," in ji Leah. "Kunun Baptis ne fa, kada ya ƙi zama a cikinka."

"Ƙara mini, mu ga ko na biyun zai canja mini coci."

Kofi huɗu ya sha, bai canja coci ba, amma zuciyarsa ta canja gida. Sunansa Abel, manomi, shi ne shugaban samarin gayya na unguwar. Ƙungiyar ta haɗa Katolika da Baptis da sauransu, don samari sun yi ƙaranci, yawancinsu suna bariki.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, sai an hau tudu ake samun sabis. Leah ta ƙara son ɗebo itace a kan tudu.

Abel ya rubuta mata: "Mai kununa, sau uku na wuce ƙofarku yau da garma a kafaɗa, alhali gonarmu ba nan take ba."

Ta amsa: "Ɗan Fadana, na gan ka duka ukun. Mama ma ta gan ka. Ta ce ƙotar garmar tana son gyara."

Bayan girbi, kawunan Abel suka je gaisuwa. Baba Ebenezer ko tabarma bai sa a shimfiɗa musu ba.

"Ɗiyata ba za ta shiga cocin da ba namu ba. Akwai Solomon, kofur, ɗan cocinmu. Shi na zaɓa."

Da suka tafi, Leah ta durƙusa. "Baba, Solomon ko sunana bai riƙe ba. Rachel yake kirana."

"Zai koya."

Magana ta zaga gari ta kai kunnen Abel. Ya rubuta: "Na ji an ba da ke ga kofur. Allah ya sa alheri." Mako biyu bai ƙara hawa tudu ba. Da ya hau, saƙonta na jira: "Ni ba akuya ba ce da za a ba da ni ban sani ba. Ka tsaya inda kake, masoyina. Ina nan."

Da bazara ta matso, Baba Ebenezer ya sauke tsohuwar jinkar babban rumbunsa, ya ɗaura sabuwa a ƙasa. Jinka ce mai nauyi, sai maza goma sha biyu ke ɗaga ta. Abel ya aiko cewa samarin gayya za su zo ranar Asabar.

"Ba na so. 'Yan cocinmu za su ɗaga."

Matarsa, Mama Rebecca, ta dube shi. "Maigida, su wa? Kai da Baba Talle mai sanda? Hadari fa ya fara haɗuwa."

"Na ce ba na so."

Samarin Baptis huɗu ne kacal a gari, su ma suka ce ba sa aiki sai da 'yan'uwansu na gayya. Kwana tara rumbu yana buɗe, an rufa masa buhuna. Rana ta goma, da tsakar rana, gabas ta yi baƙi. Iska ta fara kwashe buhunan, sannan ruwa ya sauko kamar da kwarya, yana zuba kan dawar shekara guda. Tsoho ya kama jinka shi kaɗai yana ja, ko motsi ba ta yi.

Leah ba ta tsaya neman sabis ba. Da ƙafa ta ruga gidan su Abel.

Kafin a jima sai ga su, su goma sha huɗu, jiƙe sharkaf. Ba wanda ya tambayi wani cocinsa. Abel ya hau bisa, santsi ya kwashe shi ya fasa leɓe, ya sake hawa. Suka ɗaga jinka, ta zauna daram.

Washegari suka dawo suka fitar da dawar suna shanyawa. Faston Baptis ma ya zo, ya naɗe hannun riga, ya tsaya kusa da tsohon.

"Baba, wannan dokar da ka kafa, a wane wa'azina ka ji ta? Ni da Fada, limamin Katolika, tare muke zuwa asibiti duba marasa lafiya, a babur ɗaya. Yesu ɗaya muke kira."

Tsoho ya dubi samarin da ke shanya dawarsa. Sannan ya kira Abel, ya dubi kumburarren leɓensa.

"Ɗana, na kore ka, me ya dawo da kai?"

"Baba, abincin gidanku ne ke jiƙewa."

"Ka gaya wa kawunanka su dawo. Akwai tabarma."

A watan Disamba aka ɗaura auren. Fada ya haɗa hannayensu, Fasto ya sa albarka, zumuntar mata ta coci biyun suka haɗa ganguna da tulu, har aka rasa gane muryar wa ta fi. Abel ya raɗa wa amarya, "Yanzu kin zama tawa." Ta ce, "Tun ranar ruwan nan." Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin tsoronsa, ya haɗa kan masu bi a Zuru. Amin.

Shi kuwa Baba Ebenezer, ga abin da taurin kansa ya ci. Dawa dami goma sha bakwai ta ruɓe, ko kaji sun ƙi ta. Irin da ya gada daga ubansa ya tsiro a cikin rumbu, ya ƙare. Gefe ɗaya na rumbun ya zube. Daminar nan, da irin da mahaifin Abel ya ba shi ya yi shuka.