Faifan da Aka Hana Gogewa

Ƙarfe goma na safe wata mata ta shigo ofishin Sufeto ta ce an sace muryar mahaifiyarta. Sufeto ya ture kofin shayinsa, wanda shekara shida ke nan shi ke haɗa wa kansa, ya ce ta zauna.

Marigayiyar mawaƙiya ce. Duk abin da ta rera cikin shekara talatin yana kan faifan kwamfuta guda a situdiyon wani tsohon injiniyan sauti, kuma babu kwafi. Da 'yar ta je karɓa, sai aka ce ɓarayi sun riga ta.

Sufeto ya je situdiyon. Ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da soso. Kujeru biyu ne a ciki, ɗaya ta yi ƙura. Injiniya ya rantse cewa ranar Litinin ya tarar da aljihun tebur a buɗe, faifai ya yi ɓatan dabo.

"Kwamfutar ba za ta nuna ranar da aka cire shi ba?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, wannan daga filas take tashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka mata a gefe. Da an kashe ta, ta manta komai."

Amsar ta fito sumul, kamar hadda. Sufeto ya aika a kira Kofur, 'yar sandan da ke duba musu na'urori.

Kofur ta kunna. Gaskiyar tsoho, na'ura ta manta komai, ban da ɗan fayil guda da yake adanawa a filas ɗin. A nan yake rubuta yadda za a jona kowane faifai, don kada sauti ya riƙa yankewa lokacin ɗauka. Ta ɗora yatsa a layin ƙarshe. Lambar faifan marigayiya ce, an sa masa "karatu kawai", wato a saurara, amma ba a iya gogewa. Ranar Laraba aka yi gyaran.

Sufeto ya juya. "Baba, faifan da aka sace Litinin, me ya sa kake tsoron ya goge ranar Laraba?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tsoho ya daɗe yana kallon kujerar mai ƙura, sannan ya kwance bayan lasifika ya ciro faifan a naɗe cikin hankici. Ya ce tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, ya ji tsoron ya goge shi bisa kuskure. Kwafi kuwa, marigayiya ta rantsar da shi kada ya yi.

"Ka riƙe alkawari, ka yi sata," in ji Sufeto. "Waƙoƙin ne suka kai ka ga haka?"

Ba waƙoƙin ba ne. Tsoho ya jona faifan ya danna. Aka ji tari, aka ji an ja kujera, sai muryar mace tana dariya: "Injiniya, yau ma ba ka ci abinci ba ko?"

"Kowace safiya nake sa shi," in ji shi. "Tun da ta rasu babu mai tambayata."

Tausayi ya kama Sufeto, don shi ma ya manta rabon da a yi masa wannan tambayar. Ya miƙa wa Kofur takardar karɓar shaida, ya mayar da ankwar da ya ciro aljihu.

"Sake sa mana sau ɗaya, Baba," ya ce. "Sannan mu tafi."