Zumuɗi da Injin Gyaran Ciyawa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Zumuɗi a gidansu. Ba sunanta na yanka ba ne. Mama ce ta laƙaba mata shi, domin komai ta gani sai ta ce ita ma za ta iya. In an aike ta, kafin a gama faɗin saƙon har ta kai ƙofa. Can sai ta dawo tana haki, ta ce, "Mama, me ma kika ce in sayo?"

Baba ne kaɗai ba ya kiranta haka. Shi "Uwata" yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Tana da ƙane guda ɗaya, Auta. Bai fara zuwa makaranta ba tukuna. Duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita kamar jela.

A gaban gidansu akwai ɗan fili mai koriyar ciyawa. Wata siririyar hanyar siminti ta ratsa shi daga ƙofar waje zuwa baranda. Da ruwan sama ya yi yawa, sai ciyawar ta yi tsawo ta kwanto a kan hanyar.

Ran wata Asabar da safe, lokacin hutun makaranta, Baba ya fito da injin gyaran gefen ciyawa daga sito. Injin dogo ne kamar sandar ƙarfe. A samansa akwai ɗan tankin fetur da igiyar tayarwa. A ƙasansa kuma akwai wuƙa mai juyawa kamar fanka.

Baba ya sa dogon wando da manyan takalma. Ya sa safar hannu da tabarau mai kauri. Ya ɗora abin toshe kunne a kansa.

Auta ya tuntsire da dariya. "Yaya, dubi Baba! Ya zama ƙwaro!"

"Ƙwaron ya ce ku hau baranda," in ji Baba. "Kada wanda ya sauko sai na kashe injin."

"Baba, ka ba ni in gwada mana," in ji Zumuɗi. "Ko sau ɗaya."

"A'a, Uwata. Wannan ba na yara ba ne."

"Ai na girma. Ni nake kunna risho."

"Risho daban, wannan daban. Hau baranda."

Ta hau tana zumɓura baki. Amma idonta na kan hannun Baba. Ta ga ya kwantar da injin a ƙasa. Ya tura wani jan maɓalli. Ya fizgi igiya. Injin ya ɗauka da ƙara.

"Shi ke nan?" ta faɗa a ranta. "Wannan ai ko Auta ya iya."

Baba ya bi gefen hanyar a hankali. Duk inda ya wuce, ciyawar ta miƙe sar kamar an ja layi da rula. Ya gama gefe ɗaya. Yana shirin juyowa ɗaya gefen sai aka buga ƙofa.

Maƙwabcinsu ne, mai tsohuwar farar mota. Ya leƙo yana share gumi.

"Maƙwabci, taimaka mini," ya ce. "Tsohuwar ta sake ƙin tashi. Sai an tura ta."

Baba ya kashe injin. Ya kwantar da shi kusa da famfo. Ya cire tabarau da safar hannu ya ajiye a kan dakali.

"Yanzu zan dawo," ya ce. "Uwata, kada ki taɓa shi. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ƙofa ta rufe. Mama tana bayan gida tana wanki, rediyonta na waƙa. Auta ya shige ɗaki neman motarsa ta roba.

Zumuɗi ta kalli injin. Ta kalli gefen da ya rage. Ba shi da wani tsawo.

"In na ƙarasa masa, zai yi mamaki," ta raya a ranta. "Zai ce lallai Uwata ta girma."

Wata zuciyar ta ce mata, "Ya ce kada ki taɓa."

Ta ba kanta amsa. "Ai kafin ya dawo na gama."

Ta sauko daga baranda da silifas a ƙafarta. Ta wuce tabarau da safar hannu ko kallonsu ba ta yi ba. Ba ta duba cikin ciyawar ba. Da ta duba, da ta ga tsakuwoyin da Auta ya tara jiya yana wasan gini.

Ta tura jan maɓallin. Ta fizgi igiyar. Injin ya yi tari ya yi shiru.

Ta waiga bayan gida. Rediyon Mama bai daina waƙa ba.

Ta sake fizga da duk ƙarfinta. Da yake injin na da sauran zafi, nan take ya ɗauka.

Ta ɗaga shi da hannu biyu. Kai! Ashe haka yake da nauyi? A hannun Baba kamar tsintsiya yake. A nata kuwa kamar an ɗora mata buhu.

Yatsunta suka danne wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin mariƙin. Ba ta san shi ne ke ƙara wa injin wuta ba. Ƙarar ta tashi sama. Wuƙar ta fara juyawa har ba a ganinta.

Injin ya kama rawa. Hannuwanta suka kama rawa. Haƙoranta ma suna haɗuwa. Ta so ta kai shi gefen hanya, shi kuwa ya ja ta wani wajen. Wuƙar ta kafci ƙasa. Laka ta fantsamo mata a fuska, ta shiga idonta ɗaya.

"Wayyo!"

Ta so ta kashe shi. Amma da wane hannu? In ta saki ɗaya, injin zai faɗo mata a ƙafa. Ta duba ƙasa. Yatsun ƙafarta tsirara suke, ga wuƙar nan tana shawagi kusa da su.

Tsoro ya sa ta ƙara damƙe mariƙin. Tana ƙara damƙewa, injin yana ƙara haukacewa.

Sai ta hango Auta.

Ya fito daga ɗaki da motarsa a hannu. Ya ga yayarsa riƙe da injin Baba. Fuskarsa ta washe. Ya sauko daga baranda da gudu.

"Yaya! Ni ma! Ni ma!"

"Auta, koma!" ta ƙwala ihu. "Koma baranda!"

Ina! Ƙarar injin ta haɗiye muryarta. Shi gani yake kiransa take yi. Ya ƙara sauri.

Ta yi ƙoƙarin juya injin nesa da shi. Wuƙar ta faɗa cikin tsakuwoyin nan.

Ƙas! Ƙas! Ƙas!

Wata tsakuwa ta bugi bokiti. Wata ta tarwatsa gilashin taga. Sai Auta ya tsaya cak. Motar ta suɓuce daga hannunsa. Ya dafe fuskarsa, ya zauna daɓas a ƙasa.

Jini ya biyo tsakanin yatsunsa.

Zumuɗi ta saki injin. Yana faɗuwa, gefensa mai zafi ya gogi hannunta. Ta ji kamar an manna mata dutsen guga. Amma ba ta kanta take ba.

"Mama! Mama! Auta!"

Mama ta fito a guje, kumfa har gwiwar hannu. Ta sure Auta. Ta fizge ɗankwalinta ta danne masa wurin.

"Innalillahi! Idonsa! Me ya sami idonsa?"

Injin yana kwance a ciyawa yana gurnani. Babu mai iya matsawa kusa da shi.

Aka banko ƙofa. Baba ne. Tun daga ƙarshen layi ya jiyo ƙarar, ya bar motar ya sheƙo. Ya zagaya ta bayan injin ya danna jan maɓallin. Wurin ya yi tsit. Kukan Auta kaɗai ake ji.

Baba bai yi faɗa ba. Bai ma kalli Zumuɗi ba. Ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Maƙwabci! Juyo da motar! Asibiti!"

Allah ya taimaka motar ta riga ta tashi.

A hanya Mama tana rungume da Auta tana ta addu'a. Ɗankwalin ya jiƙe. Zumuɗi ta takure a gefe, ta ɓoye hannunta cikin riga.

Da suka isa, wata nas ta karɓi Auta ta shige da shi wani ɗaki. Mama ta bi ta. Aka rufe ƙofa.

Zumuɗi da Baba suka zauna a kan dogon benci. Maƙwabci yana tsaye yana juya makullin mota.

"Ka yi haƙuri," ya ce wa Baba. "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Baba ya girgiza kai kawai.

Daga cikin ɗakin aka jiyo Auta ya tsala ihu. Zumuɗi ta toshe kunnuwanta. In ya makance fa? Wa zai riƙa bin ta yana cewa "Yaya, jira ni"? Yaya zai ga allo in ya shiga makaranta?

Hawaye suka ɓalle mata.

"Baba," ta ce da ƙyar. "Ni ce. Ka ce kada in taɓa, na taɓa. Na so in ƙarasa maka ne."

"Na sani," in ji Baba.

"In idonsa ya mutu, a cire nawa a sa masa."

Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube ta. Idonsa ya sauka a kan hannun da take ɓoyewa.

"Mu ga hannun nan."

Ta fito da shi. Wurin ya yi ja, har ya fara tashi.

"Subhanallahi! Kika yi shiru da wannan?"

Ya kira wata nas. Ta sa hannun a ƙarƙashin ruwan sanyi na ɗan lokaci. Ta wanke mata idon da laka ta shiga. Sannan ta shafa magani ta naɗe ƙunar.

Suna dawowa benci, ƙofar ta buɗe. Likita ta fito tana cire safar hannu. Zumuɗi ta miƙe.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji likita. "Idon lafiya lau. A gira tsakuwar ta same shi. Mun yi masa ɗinki."

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba da Maƙwabci tare.

Likita ta dubi Zumuɗi. "Ke ce mai injin?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

Likita ta ɗora yatsa a girarta, sannan ta ɗan sauko da shi kan idonta. "Kin ga tsakanin nan da nan? Iyakar abin da ya raba ƙanenki da rasa ido ke nan. Injin nan yana harba dutse kamar gwafa, har ya fi."

Aka bar su suka shiga. Auta yana zaune a cinyar Mama, da farar filasta a goshi. Ya ga yayarsa sai ya miƙo hannu.

"Yaya, ke ma an naɗe ki?"

Ta rungume shi tana kuka. "Ka yafe mini, Auta."

"To. Amma ki ba ni alewarki."

Har Mama sai da ta yi dariya, tana share hawaye.

Da yamma, bayan an share fasasshen gilashi, Baba ya kira Zumuɗi baranda. Mama na zaune, Auta na barci a jikinta.

"Uwata, me ya sa kika ɗauka za ki iya?"

"Na ga yadda ka tayar da shi ne."

"Kin ga yadda na tayar. Kin san nauyinsa? Kin san inda ke ƙona hannu? Kin san abin da ake yi in wani ya matso?"

"A'a, Baba."

"To kin gani. Kallo daban, iyawa daban. Ni da nake babba ma ba na kama shi sai na rufe idona da hannuna da ƙafata. Sai na duba ciyawar na tabbata babu dutse. Sai na ga babu kowa kusa. Ke kuwa da silifas kika tunkare shi."

"Ba zan ƙara ba."

"Na yarda. Amma wannan hutun babu zuwa wasa gidan ƙawaye. Ke za ki riƙa kula da Auta har ciwonsa ya warke."

"To, Baba."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma ina da nawa laifin. Bai kamata in bar shi a fili inda yara suke ba, ko na minti ɗaya. Gobe zan sa wa sito kwaɗo."

Mama ta jawo Zumuɗi jikinta. "Niyyarki mai kyau ce," ta ce. "Amma kyakkyawar niyya ba ta hana wuƙa yanka. In babba ya ce kada ki taɓa, akwai abin da ya hango."

Ciwon Auta ya warke sarai. Ɗan tabo kawai ya rage a girarsa, yana nuna wa duk baƙon da ya zo. Ƙunar Zumuɗi ma ta warke.

Da aka koma makaranta, malama ta tambayi 'yan aji abin da kowa ya koya a hutu. Zumuɗi ta ɗaga hannu. Ta nuna musu tabon ƙunarta, ta ba su labarin tun daga farko.

"Injin aiki ba abin wasa ba ne," ta ce. "Ko kun ga kamar da sauƙi, kada ku taɓa. In ana aiki da shi, ku tsaya nesa, ku riƙe ƙannenku. Kuma in iyayenku suka hana ku abu, ku ji maganarsu."

Malama ta ce a tafa mata. Aka tafa.