Kofi Biyu A Yini

"Mak, don Allah ajiye kofin nan!"

Dayana ce ta faɗa daga ƙofar kicin, ganin surukarta Mak Esah, wato Mama Esah, ta fasa ɗanyar kwakwa tana tsiyaye ruwan. Jiya tsohuwar ta iso Kuala Lumpur daga Terengganu, jakarta cike da busasshen kifi da ayaba, duk na ɗanta Shahrul.

Wata biyu ke nan da aka yi wa Shahrul dashen huhu. Jikinsa ya karɓi huhun, amma wahalar aikin da ƙarfin magunguna suka taɓa masa ƙoda, fitsari ya ɗauke. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Likita ta kafa doka: ruwa kofi biyu a yini, ba gishiri, ba ayaba, ba ruwan kwakwa.

"Ni na haife shi, ke za ki koya mini shayar da shi? Dubi leɓensa duk ya tsage! Wace irin mace ce ke auna wa mijinta ruwa kamar turare?"

"Mak, ruwan ba ya fita ne, a huhun zai taru..."

"Rufe mini baki! In kin gaji da jinya ki faɗa, in tafi da abuna."

Daga kan kujera Shahrul ya ce wa Dayana da dusasshiyar murya, "Kurɓa ɗaya fa, Yana. Ko tausayina ba kya ji?"

Wannan ta fi komai sukarta. Amma ta karɓi kofin ta zubar.

"Yi haƙuri, Abang, mijina. Gara ka yi fushi da ni kana numfashi."

Ya kuwa yi fushin. Sati guda daga "i" sai "a'a". Mak Esah ta bi dangi a waya tana cewa ɗanta ya faɗa hannun marar imani. Dayana sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ci gaba da awo.

Wata safiyar Laraba suka jiyo ihu.

"Yana! Mak! Ku zo ku gani!"

Suka taho a guje. Ga Shahrul riƙe da robar awon fitsari, ta kusa cika, yana dariya yana hawaye.

"Yau ga ikon Allah," in ji Mak Esah, ta dafe ƙirji, "ni ce nake murna da fitsarin ƙato mai gemu!"

Bayan gwajin jini, Dokta Kavitha ta ce ƙodar ta farka, in aka ci gaba haka za a daina wankin, a cire robar wankin da aka sa masa a wuya. Sai ta tambaya, "Wa ke kula da ruwansa?"

Mak Esah ta nuna da baki. "Waccan mai taurin kan."

"To taurin kanta ne ya hana ruwa cika sabon huhun. Da tuni mun mayar da shi kan injin numfashi."

Tsohuwa ta bi su suka fito. A bakin asibiti ta kamo Dayana ta rungume.

"Na ci zalinki, 'yata. Na ɓata ki a dangi, ni kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara."

Shahrul ya sunkuyar da kai. "Ni fa, Yana? Da wane bakin zan roƙe ki?"

"Da wanda ka yi mini gaba da shi," ta ce tana share ido. "Ai yanzu ya jiƙe."

Dariyar da ya yi, har ƙasan ƙirjinsa ta fito, ba tari.

Ba duk mai ba ka abin da ka roƙa ne masoyinka ba. Wani don yana son ka yake hana ka, ya haƙura da fushinka har ranar da za ka gane.